KEK ƊIN KWALEKWALE: YADDA MUKA FITA KUNYA A BIKIN ƘANWATA

Masu aiko da saƙo kuna tambayar ina kashi na biyu na littafina ya maƙale, ku ƙara haƙuri, yana nan tafe in Allah ya yarda. Yau kam na ajiye biro na ɗauki muciya, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, wato maganar kek ɗin biki.

Kowa ya san yadda zamani ya koma. Yarinya tana zaune a ɗakin uwarta a ƙauye, amma wayar hannunta ta kai ta bikin 'yar wane a Abuja, ta ga kek hawa biyar, wani an yi shi kamar akwatin lefe, wani kamar jakar hannu, wani kamar mota. Daga nan sai ta sa wa ranta cewa in ba a yanka irinsa a bikinta ba, to ba a yi biki ba. Na san gidan da aka ci bashi saboda kek, aka cinye shi cikin minti goma, aka shekara ana biya. Mu ma saura ƙiris mu faɗa wannan rami, shi ya sa na ce bari in ba ku labarinmu, in kuma koya muku abin da ya fisshe mu.

YADDA ABIN YA FARO

Ni 'yar Kirikasamma ce, a masarautar Haɗeja ta Jihar Jigawa. Wanda ya san yankinmu ya san rayuwarmu a kan ruwa take. Babanmu masunci ne kuma manomi, da damina shinkafa, da rani alkama da tattasai, tsakanin nan kuma yana cikin kwalekwalensa. Ruwan da yake ciyar da mu kuwa shi ne yake tashi wata shekarar ya cinye mu. A daminar 2022 da ambaliya ta mamaye Jigawa, gonar shinkafarmu ko zangarniya ɗaya ba mu cira ba. Ga shi an riga an sa ranar auren ƙanwata bayan ƙaramar Sallah ta 2023, ga kuma wahalar takardun kuɗi da aka shiga a farkon shekarar sanadiyyar canjin kuɗi. Da kyar da jiɓin goshi Baba ya haɗa gado da katifa, Inna kuwa sai da ta sayar da tumakinta biyu kafin a tsayar da maganar gara.

Angon mutumin kirki ne, aiki ne ya kawo shi Haɗeja, amma danginsa duk 'yan birnin Kano ne. Saura sati uku biki sai yayarsa ta bugo wa Inna waya, ina zaune ina ji. Bayan gaisuwa sai ta ce, "Mama, za mu zo da ƙawayenmu a yi 'yar walima a nan gidanku bayan ɗaurin aure. To maganar kek fa? Ko da yake na san a wajenku ba a saba da shi ba, in da hali ku turo kuɗin sai in sa a yi a nan mu taho da shi."

Da ta faɗi kuɗin, sai da Inna ta dafe ƙirji, don kuwa ya kusa kuɗin katifar amarya. Ta dai daure ta ce, "To, Allah ya kai mu, za mu yi shawara."

Ana kashe waya ƙanwata ta fashe da kuka, wai ita shi ke nan za a shiga da ita gidan miji da gorin 'yar ƙauye. Ta ce a karɓo kwasar adashin Gwaggo a biya daga baya. Ni kuwa wannan kalma ta "ba a saba da shi ba" ita ta tsaya mini a maƙoshi. Na ce, "Inna, kada a ci bashin kowa. Ni zan yi."

Ƙanwata ta ɗago jajayen idanunta ta ce, "Yaya, ke? Irin wanda kika kai gidan suna?"

Ban ga laifinta ba, don tana da hujja.

KEK ƊINA NA FARKO

A makarantar kwana na fara koyon kek, wajen malamarmu ta darasin girke-girke, Allah ya saka mata da alheri. Amma can akwai oben, akwai sikeli. Da na dawo gida sai wata ƙawata ta haihu a wani gari can wajen Baturiya, na ce zan burge ta. Na gasa kek, na buga bota da sukari na shafe shi fari tas, na yi masa furanni ruwan hoda. Watan Afrilu ne fa. Na hau acaɓa da shi a cinyata da tsakar rana, muka sha rana muka sha gargada. Ko da na buɗe kwali a tsakiyar mata 'yan suna, wallahi furannin nan sun zama kunu, sun gangaro sun taru a gefe guda. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce, "'Yar nan, fate kika kawo wa mai jego?" Aka kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga baya na gane laifina. Bota tana fara narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana haura 40. Waɗanda muke gani a waya suna da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Wadda ba ta da su ta ce za ta kwaikwaye su ido rufe, to ta shirya wa kunya. Don haka darasi na farko, uwargida, ki yi kek ɗin da zai iya zama a garinku.

KAYAN HAƊI

Asalin kek mai ƙwari wanda zai jure yanka da sassaƙa, ƙa'idarsa ɗaya ce: nauyin fulawa, da na sukari, da na bota, da na ƙwai su zo daidai da juna. Tunda yawancinmu ba mu da sikeli, ga yadda nake aunawa da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, na kwaɓi ɗaya:

Bota, leda ɗaya mai giram 250
Sukari, gwangwani 2 ba a cika na biyun sosai ba
Fulawa, gwangwani 3 a shafe bakin
Ƙwai 5 na gidan gona, in na kajin gida ne ko na zabi 7
Bekin fauda, ƙaramin cokali 2
Gyaɗar ƙamshi rabi, a goge
Filebo ƙaramin cokali 1, ko ɓawon lemon tsami a goge koren kawai

Kada wata ta ce miki kanwa za ta maye gurbin bekin fauda, ɗanɗanon sabulu za ta ba ki, launin ma ya ɓaci. Shi wannan gari wani Bature mai haɗa magunguna a Ingila, Alfred Bird, ya haɗa shi a 1843 saboda matarsa ba ta iya cin abin da aka sa wa yis. Kun ga ashe kek ma da soyayya a cikin tarihinsa.

Maganar fulawa kuma, abin mamaki ne a ce mu da muke noma alkama mu ne za a ce ba mu saba da kek ba. Iyayenmu suna ba da labarin yadda noman alkama ya bunƙasa a fadamunmu bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, ko a ƙarshen 2023 ma a Haɗeja aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa. In kina da alkamar gida, ki kai a niƙa miki da laushi, ki tankaɗe sau biyu da rariya mai ƙananan ido, sannan ki haɗa rabi da rabi da fulawar kanti. Ita kaɗai tana yin nauyi, amma in aka gauraya tana ba da wani ƙamshi da ta kanti ba ta da shi.

Ki zuba bota da sukari a roba mai tsabta ki yi ta bugawa da muciya ta gefe ɗaya har sai ya yi fari ya yi sauƙi kamar auduga. Wannan shi ne wahalar aikin, yana cin minti ashirin ko fiye, kuma nan ne yawancin mata suke ha'inci kek ɗinsu ya fito kamar dutse. Sai ki riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, amma a wani kofi daban tukuna, don ƙwai ɗaya da ya lalace ya isa ya jawo miki asarar duka. Ki tankaɗe fulawa tare da bekin fauda da gyaɗar ƙamshi, ki zuba kashi uku kina juyawa a hankali. Da zarar fulawa ta shiga, bugu ya ƙare.

OBEN ƊIN TALAKA

Ki samu babbar tukunya irin ta biki mai murfi. Ki zuba yashi mai tsabta, busasshe, kaurin yatsu uku. Mu kam yashi ba ma saye, kogi ya ba mu kyauta. Ki ɗora ƙananan duwatsu uku a kan yashin, don kada gindin gwangwani ya taɓa shi. Ki rufe ki ɗora a kan garwashin gawayi na kamar minti goma sha biyar. In kina son sanin ko zafin ya yi, ki barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani ki saka. In ta yi ruwan ƙasa cikin minti biyar, ya yi daidai. In ta yi baƙi nan take, ki rage wuta.

Ki shafe gwangwanin gashi da bota, ki barbaɗe da fulawa, ki zuba kwaɓin kada ya wuce kashi biyu cikin uku. Ki saka, ki rufe, sannan ki ɗebi garwashi kaɗan ki ɗora a kan murfin, domin sama ma ya samu nasa rabon. Wutar ƙasa kaɗan ake so, kuma banda itace mai harshe. Sai babban sharaɗi: kada ki buɗe kafin rabin awa, komai ƙaiƙayin da hannunki yake yi, in ba haka ba tsakiyarsa zai faɗa. Daga minti 45 zuwa awa ɗaya sai ki soka tsinke mai tsabta a tsakiya, in ya fito ba danshi to ya gasu.

ME ZA A SIFFANTA?

Na kwana biyu ina tunanin siffar da zan yi. Hawa-hawa dai ba zan gwada ba, domin duk yadda na yi sai dai a ce na yi ƙoƙari, na birni ya fi. Wata safiya ina shara sai na ga Baba ya dawo daga ruwa ya jingine filafilinsa a bakin zaure. Nan take na ce, yauwa, abin da muke jin kunyarsa shi zan ɗora a tsakiyar taro. Kwalekwale zan yi.

Da ƙanwata ta ji sai ta ce, "Haba Yaya! So kike ki tona mana asiri a ce 'yar masunta ce?"

Na ce, "Yo da 'yar wa ce ke? Da kuɗin kifin aka yi miki makaranta, da shi aka sayi gadon da za ki kwanta a kai."

Ta yi shiru ta shige ɗaki, kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Na aro gwangwanayen burodi dogaye guda biyu a gidan burodin unguwarmu, da faffaɗan tire ɗaya. Kwaɓi uku na yi, ɗaya a tire ya zama ruwa, biyu a gwangwanin burodi su zama jirgin. Tun saura kwana uku biki na gasa, domin kek mai ɗumi ba ya yankuwa, marmashewa yake yi. Sai ya huce sarai, a naɗe shi a leda ya kwana.

Washegari na jera dogayen biyu kai da kai, na zana siffar kwalekwale a takarda na yanke, na ɗora a kansu, na bi da wuƙar burodi ina fiƙe gaba da baya. Sannan na rarake tsakiyar da cokali, na bar kauri yatsa biyu a kowane gefe da ƙasa. Abin da kika yanke kada ki zubar, ki murmushe shi ki haɗa da 'yar zuma ki cike duk inda ya yi rami, da shi ma na ɗaga hancin jirgin sama. Ragowar kuwa yaran gida sun san inda suka kai shi.

AISIN ƊIN DA BA YA TSORON RANA

Maimakon bota, farin ƙwai na yi amfani da shi. Farin ƙwai ɗaya yana ɗaukar aisin shuga kamar giram 250, da ruwan lemon tsami rabin ƙaramin cokali. Ki raba farin a hankali, ko ɗigon gwaiduwa ko maiƙo kada ya shiga robar. Ki riƙa zuba sukarin kaɗan-kaɗan kina bugawa har sai kin ɗaga cokali kin ga ya tsaya da tsini. Wannan aisin bushewa yake yi ya yi ƙarfi, zafi ba ya narkar da shi, iskarmu mai bushewa ma taimakonsa take yi. Turawa suna kiransa aisin ɗin sarauta, ana kuma danganta sunan da farin kek ɗin bikin Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840.

Amma ki lura da abu uku. Yana saurin bushewa, don haka ki rufe robar da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta kina aiki. Da damina yana jan danshi ya yi laushi, sai a yi shi dab da biki. Na uku, tunda ƙwan ɗanye ne, ki nemi sabo wanda bai tsage ba, in kuma kin samu garin farin ƙwai da masu kayan kek suke sayarwa a birni ya fi kwanciyar hankali, musamman inda akwai masu ciki da ƙananan yara.

In aisin shuga ya yi miki tsada, ki daka sukari a busasshen turmi mai tsabta, wanda ba a taɓa daka yaji a ciki ba, ki tankaɗe da ƙyallen tatar koko, ki maimaita har ya zama gari.

Shafi biyu ake yi. Na farko siriri, don ya kama marmashi, a bar shi ya bushe. Na biyu shi ne na ado. Jikin jirgin na sa wa garin koko ya yi ruwan katako, kafin ya bushe na ja layuka da cokali mai yatsu ya fito kamar jikin itace. Ruwan kuwa kalar abinci shuɗiya na saya a Haɗeja, na ɗiga kaɗan, na bubbuga da bayan cokali ya yi igiyar ruwa. A gefe na goge kwakwa na rina ta kore ta zama kacalar da ta cinye mana hanyoyin ruwa. Sai na zuba farin aisin a leda mai ƙwari, na yanke kusurwarta ƙanƙanuwa, na zana raga a gefen jirgin. Sandar tuƙi kuwa siririn tsagin rake ne.

A kicin ɗinki ma akwai kala. Kurkum kaɗan yana ba da rawaya. Zoɓo mai kauri yana ba da ja, amma sai kin ƙara masa lemon tsami, in ba haka ba yana haɗuwa da farin ƙwai zai koma wani toka-toka. Don Allah 'yan uwa, banda galurar rini ko ta kunshi a abin da mutane za su ci.

Da na gama sai jirgin ya tsaya fayau ba kaya. Inna ce ta leƙo ta ce, "Wa ya taɓa ganin jirgin amarya ba gara?" Ta koma ta murza 'yan ƙananan alkaki da dubulan kamar kan yatsa, ta dunƙula nakiya ƙanana, muka loda su a ciki har suka yi tozo.

RANAR BIKI

Na rufe shi da babban kwando da farin mayafi saboda ƙura da ƙuda, na sa ƙafafun tebur a gwangwanayen ruwa saboda kiyashi. Kafin baƙi su zo na kira Baba ya gani. Ya tsaya ya daɗe bai ce komai ba, har gabana ya fara faɗuwa. Can sai ya miƙa hannu ya ce, "Uwata, mai tuƙi a baya yake tsayawa, kin sa sandar a gaba." Ya ɗauke tsagin raken da kansa ya mayar da shi baya, ya juya ya fita da sauri yana gyara hula. Inna ta ce tun da ruwa ya ci gonarsa ba ta ga fuskarsa ta saki irin ta ranar ba.

Da la'asar 'yan Kano suka cika tsakar gidanmu ana ta ƙamshin turare. Aka ɗaga kwando. Wallahi sai wuri ya yi tsit, sannan wayoyi suka tashi sama. Yayar ango ta zagaya shi sau biyu ta ce, "Wannan daga ina aka kawo?" Kafin in buɗe baki sai na ji muryar amarya daga cikin lulluɓi ta ce, "Yayata ce ta yi. Jirgin Babanmu ne." Ni dai ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Yayar ango ta taɓe baki ta ce, "Ba laifi." Amma da idona na ga ta naɗe hancin jirgin a leda ta tura a jaka. Kakar ango kuwa ko kallon kek ɗin ba ta yi ba, nakiyar ciki ta yi ta tsinta tana cewa rabonta da mai daɗin wannan tun tana amarya.

JAN HANKALI

Tun daga ranar ban rasa aiki ba. Na yi allo na saukar karatu, na yi ƙwarya da faifanta na suna, na yi akwatin lefe. Da kuɗin nake sayen takardun rubutuna, har in taimaka wa Inna da cefane. Sai dai ina da ƙa'idoji. Ba na rubuta aya ko sunan Allah a kan abin da za a sa wa wuƙa, marmashinsa ya zube a ƙasa a tattaka, ko a allon sauka "Barka da sauka" kawai nake sawa. Ba na siffanta mutum ko dabba, don na ji malamanmu suna tsoratarwa a kan surar mai rai, ga kuma abubuwan siffantawa nan birjik a tsakar gidanmu. Sannan duk wadda na ji bashi za ta ci, nakan ce mata mu rage girmansa.

Kada kuma kek ya sa mu raina namu. Kek kwana kaɗan yake yi ya lalace, nakiya kuwa amarya za ta yi watanni tana ba baƙi. In iyayenmu mata suka tafi da sirrin alkaki ba mu koya ba, mun yi asarar da kek ba zai biya ba.

Shawarata ga mai son gwadawa, kada ki fara da ranar biki. Ki sayi kayan rabin kwaɓi ki gwada a ranar da ba kowa, in ya ƙone yara su cinye, in ya faɗa ki sake. Ni ma sai da na kai fate gidan suna. A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, Inna ta yi alkawarin za ta zauna da ni mu kawo muku yadda ake alkaki tun daga tsamin alkama har zuwa tsoma shi a zuma. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.

Taku har kullum, daga Kirikasamma.